Motar Baba tana hayaƙi: wane magani zan zuba wa injin?

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Fijo 504 ƙirar Kaduna wadda ya saya sabuwa tun yana aikin gwamnati. Shekararta 11 a rumfar mota ba a taɓa ta ba. Watan jiya na sa mata batir, na zuba fetur, da ƙyar ta tashi, amma hayaƙin da take yi har maƙwabta sun leƙo suna tambaya ko gobara ce. Bakanike ya ce in sayi gwangwanin maganin hayaƙi mai kauri kamar zuma in zuba. Wani mai sayar da kayan gyara ya ce a'a, maganin wanke inji zan fara sawa. Kawuna kuma ya ce a sauke injin kawai a yi masa garambawul. Ni dai so nake in ga motar nan a titi, ko da zuwa masallacin Juma'a ne. Wane magani ya fi dacewa in saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Malam, ka mayar da kuɗin gwangwanin aljihu tukuna. A duk wasiƙarka ba ka gaya mini launin hayaƙin ba, ba ka kuma gaya mini lokacin da yake fita ba, kuma da alama su ma mutanen nan uku ba wanda ya tambaye ka. Bakanike ya faɗi abin da ya saba yi wa motocin haya, mai shago ya faɗi abin da ke kan kantarsa, Kawu ya faɗi abin da ya gani ana yi a zamaninsu. Kowannensu yana iya yin daidai a wata motar. Taka motar dabam ce, domin ba gajiyar aiki ta kwantar da ita ba, zama ne. Injin da ya ci titi har ya sille da injin da ya yi shekara 11 yana barci suna iya yin hayaƙi iri ɗaya, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne.

Abu na farko ma da ya tsaya mini a rai: ka ce ka sa batir ka zuba fetur, ba ka ce ka yi juye ba. In da baƙin man da Baba ya bari kake ta tayar da ita, to ka daina daga yau. Man da ya yi damina 11 a kaskon ƙasan inji ya sha raɓa, dattinsa ya kwanta a ƙasa kamar laka. Ka zaro gejin mai ka shinshina. In ka ji warin fetur, ko ka ga man ya haura alamar cika, to robar da ke cikin famfon fetur ta tsage tana zubar da fetur cikin baƙin mai, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa hayaƙi ya kuma cinye injin. In ka ga man ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Wannan maganarsa dabam, za mu zo kanta.

Yanzu hayaƙin. Ka fito da motar fili, kada ka yi gwajin nan a cikin rumfa a rufe, domin iskar salansa tana kisa ba tare da mutum ya ji wari ba. Ka sa wani ya tayar, kai ka tsaya a baya ka duba.

Baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur, wanda ke bar maka kunkunniya a ƙasa, ba ruwansa da baƙin mai. Fetur ne ya yi wa iska yawa. A motar da ta daɗe a ajiye wannan shi ne mafi sauƙi kuma mafi yawa: tsohon fetur ya bushe ya zama ƙaro a cikin kafireto, allurar da ke tsayar da fetur ta maƙale, ko cok, mai rage iska don tayar da inji da sanyi, ya ƙi komawa, ko kuma ɓeraye sun yi gida a tukunyar iska. Maganinsa a kwance kafireto a wanke, a sauke tanki a ɗauraye tsatsarsa. Duk zumar da ka zuba a baƙin mai ba za ta kai wurin ba.

Farin hayaƙi mai kama da tururin tukunya, in da sanyin safiya ne ya kuma ɓace bayan minti kaɗan, ruwan da ya taru a salansa ne, ba komai. In ya ci gaba bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to gasket ne, wato shimfiɗar da ke like tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ko kuma abin da ya fi shi. Injin 504 irin mai hannun riga ne da ake zarewa, wato kowace silinda bututu ce mai zaman kanta da ruwa ke zagaye ta kai tsaye, a gindinta akwai abin toshewa da ke raba ruwa da mai. In wannan ya lalace ruwa ya sauka kasko. Babu gwangwanin da ke gyara wannan. Akwai kuma wani farin hayaƙin da ke ruɗa kanikawa: robar babban famfon birki ta mutu saboda zama, man birki ya zube cikin tukunyar da ke taimaka wa birki, inji ya zuƙe shi ta tiyo ya ƙona. In ka ga man birki yana raguwa ba ka kuma ga inda yake ɗiga ba, ka cire tiyon ka duba ko ya jiƙe.

Amma ina kyautata zaton naka shuɗi ne, ko shuɗi-shuɗi mai ratsin toka, mai warin ƙonannen mai da ke kama riga. Shi ne hayaƙin da ake yi wa gwangwani, don haka bari mu zauna a kansa.

Baƙin mai yana da ƙofa biyu manya da yake bi ya shiga inda wuta ke ci. Ta sama, wato ta wuyan bawul, inda wasu 'yan robobi ke share man da ke gangarowa. Ta ƙasa kuma, ta gefen fistin, inda ringi ke kankare man daga bangon silinda. Zama yana ɓata duka biyun, amma ta hanya dabam. Robar bawul takan bushe ta yi tauri kamar busasshiyar fata, wani lokaci har ta farfashe. Shi kuwa ringi ba lalacewa yake yi ba, maƙalewa yake yi. Tsohon mai da gawayi su daskare a cikin ramin da yake zaune, sai ya kasa buɗewa ya manne da bango. Ƙarfensa lafiya lau, ɗaure shi aka yi.

Lokacin da hayaƙin ke fita shi ke nuna maka ƙofar. In ta yi bul da hayaƙi da zarar an tayar da ita bayan ta kwana, sannan ya lafa, ko kuma ya fito bayan ta daɗe a silo, wato a kunne a tsaye, ka taka totur, ko bayan ka gangaro tudu ba ka ba ta wuta ba sannan ka taka, wannan ta sama ce. In kuwa hayaƙin yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda kake ba ta wuta, musamman a hawan tudu, kuma in ka buɗe murfin zuba mai kana ganin iska tana bugowa kamar jirgin ƙasa, to ta ƙasa ce.

Kafin ka zargi ko ɗaya, akwai ƙananan abubuwa biyu. In tukunyar iskar motar irin mai baƙin mai a gindi ce, kamar yadda aka yi wa da yawa daga motocin da aka ƙera don ƙurar Afirka, ka duba kada wani ya cika ta fiye da alama, domin inji zai zuƙi rarar. Ka kuma duba tiyon numfashin inji, wanda ke kwashe iskar kasko. In zanzaro ya yi gini a ciki ko datti ya toshe shi, iskar za ta matsa ta tura mai ta kowace kafa. Na fi son a fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Sannan a yi awon matsi, wato a auna ƙarfin da kowace silinda ke matse iska. Wannan shi ne abin da zan roƙe ka ka nace a kansa, domin yawancin kanikawanmu da kunne da hanci suke aiki, kuma gaskiya wasunsu sun ƙware, amma agogon awon matsi ba ya son kai. A cire fulogi duka huɗu, a danne totur har ƙasa, a yi kiy a auna kowace silinda a rubuta. Ba girman lambar ya fi damuna ba, tazarar da ke tsakaninsu ce. In wata ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, a zuba mata cokali guda na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In lambar ta yi tsalle sama, ringi ne, domin man ya toshe kafar na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne ba ya rufewa ko gasket. Ka lura da wani abu a fulogin 504: a cikin rami mai zurfi suke zaune a tsakiyar kan inji, kuma in robar bakin ramin ta mutu mai yakan taru a wajen fulogin. Kada a ga fulogi ya fito sharkaf da mai a ce inji ya mutu. Bakin da ke cikin wuta shi za a duba.

To, yanzu mu dubi kantar mai shago.

Zumar da bakanikenka ya ce, irin su STP da Lucas da duk masu rubutun tsayar da hayaƙi a jiki, aikinta ɗaya ne: ta ƙara wa mai kauri don ya yi wuyar ratsa kafa. A injin da ya gaji da gaske, wanda mai shi ke lallaɓawa ya kai ƙarshen shekara, tana rage hayaƙi, ban musa ba. Dillalan mota ma sun san amfaninta ranar da mai saye zai zo. Amma a injin da ringinsa ya maƙale, abin da kake buƙata shi ne mai mai tsabta da zai kutsa ramin ya narkar da dattin. Mai kauri ba ya kutsawa. Za ka rufe hayaƙin, ringin ya ci gaba da zama a ɗaure, kuma da sanyin hunturun Zariya man zai yi jinkirin hawa sama a daƙiƙun farko, lokacin da inji ya fi bukatarsa.

Maganin wanke inji kuwa shi na fi tsoro. Sinadari ne mai narkar da datti cikin minti goma ko sha biyar. A injin da ake yi wa juye a kan kari ba shi da wata illa sosai, ba shi da wani amfani sosai kuma. A injin da laka ta yi shekara 11 tana kwance, yana ɓamɓaro ta gunduwa-gunduwa, ta je ta toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Daga nan fitilar mai ta kawo, kafin ka ankara inji ya buga. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. In kana son cikin injin ya yi tsabta, a kwance kaskon ƙasa a wanke shi da kananzir da hannu, a wanke rariyar, a sa sabon gasket. Aikin yini guda ne, kuma za ka ga da idonka ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki.

Akwai masu cewa suna shafe ƙarfe da wani sinadari mai santsi har inji ya koma sabo. Wannan tsohon zance ne. A Amurka, hukumar da ke sa ido kan kasuwanci ta tarayya ta tuhumi masu Slick 50 kan irin wannan talla, kuma a 1997 aka daidaita a kan su daina iƙirarin da ba su da hujjarsa. Ƙarfen da ya cinye ba ya tsirowa.

Guda ɗaya ne a kantar nake ɗan ɗaga wa ƙafa, wato mai tausasa roba. In awo ya nuna matsi lafiya, hayaƙin kuma na ta sama ne, yana iya sa robar da ta bushe ta ɗan kumbura. Wadda ta riga ta tsage kuwa sai canji. Kuma robobin bawul ba su da tsada, bakaniken da ya san hannunsa yana iya canza su ba tare da ya ɗaga kan inji ba.

Ga abin da zan yi da motar tawa ce, in awo ya nuna ringi. A cire fulogi, a zuba jan man giyar otomatik gauraye da ɗan kananzir a kowace silinda, kamar cokali uku zuwa huɗu. Kada a yi rowa, domin injin 504 a kishingiɗe yake zuwa gefe guda, ruwan zai taru a ɓangaren ƙasa na fistin. A bar shi kwana biyu ko uku, kullum a sa sifana a juya injin da hannu kaɗan gaba kaɗan baya, a ƙara in ya tsotse. Ranar tayarwa, a nan ake kuskuren da ke karya inji: kafin a mayar da fulogi, a cire wayar kwayil mai ba fulogi wuta, a rufa tsumma a kan ramukan, a yi kiy har sai duk ragowar ruwan ya feso. Ruwa ba ya matsuwa. In aka ɗaure fulogi a kansa aka yi kiy, sandar fistin tana iya lanƙwashewa. Daga nan a yi juye, a canza filta, domin abin da ka zuba ya gangara kasko ya tsinka man.

Man da za ka zuba, 20W-50 na gargajiya, kusan lita huɗu, a galan mai hatimi daga gidan mai da ka yarda da shi. Ban da na awo a bakin titi. Kada wani ya ce maka tunda motar mai daraja ce a sa mata siririn man zamani irin 5W-30 ko 0W-20. An yi waɗannan ne don injin da tazarar ƙarafansa ƙanƙanuwa ce, kuma an rage musu sinadarin da ke kare ƙarfe daga gogayya saboda salansar motocin yanzu, alhali tsofaffin injuna irin naka suna bukatarsa. In 20W-50 mai kyau ya yi wuya, 15W-40 na manyan motocin gas, wato dizal, ma yana yi, kuma yana da ƙarfin wanki a hankali, wanda shi ake so a nan.

Bayan wannan aikin motar za ta yi hayaƙin da ya fi na farko, kada gabanka ya faɗi. Man da ya taru a salansa sai ya ƙone, yana iya ɗaukar rabin awa ko fiye. Ka gaya wa maƙwabta tun da wuri.

Abin da ke kwance ringi a ƙarshe shi ne zafi da aiki. Barin ta a silo a tsakar gida ana ta rezin ba ya yi. Sai ta hau titi ta ja jikinta, ana ba ta wuta ana saki, matsin da ke bayan ringin ya riƙa tura shi waje. Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne, je-ka-ka-dawo sau biyu ko uku ya isa ya nuna maka inda aka dosa. A duba ko tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, yana nan, domin kanikawanmu sun daɗe da ɗabi'ar cire shi su yar da sunan ƙasarmu da zafi, alhali injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa shi ya fi tara laka. Bayan kilomita 500 ka sake juye, za ka ga man ya fito baƙi ƙirin, alamar yana aikinsa. Daga nan ka cika daidai alama, ka rubuta lambar mita, ka riƙa dubawa. In ta sha ƙasa da lita ɗaya a kilomita 1,000 kuma hayaƙin ya koma ɗan kaɗan da safe, ni dai zan bar ta haka. Motar zuwa Juma'a ce, ba ta lodin Legas ba.

Amma kada ka hau titin nan sai ka yi abin da ba ka tambaye ni ba. Tayoyin, ko da zanensu yana nan raɗau, sun mutu. A gefen kowace akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, ka karanta za ka gani. Man birki yana shan ruwa daga iska, a zubar da shi duka, a canza tiyoyin roba na birki da na fetur da na lagireto, da fanbel. Hayaƙi kunya kawai zai ba ka, birki kuwa rai ne.

In bayan duk wannan matsin bai tashi ba, to Kawu ya yi gaskiya, sai ka je ka gaya masa haka. Kuma garambawul a 504 ba abin tsoro ba ne. Saboda hannun rigar nan da ake zarewa, ba sai an kai injin an rarake shi ba, ana sayen saiti guda na silinda da fistin da ringi a dasa. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri da ke Kaduna, aka kuma ci gaba da yin 504 a can shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina, shi ya sa har yau in ka shiga Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ba za ka rasa kayanta ba, ko da yake sai ka tafi da wanda ya san na gaske da jabu. Ka nemi dattijon bakanike wanda ya yi gemu a kan Fijo, ba yaron da ya tashi a kan motocin kwamfuta ba. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: ka tambaye shi yadda yake ɗaga kan injin. In ya ce sai ya ɗan murɗa shi gefe ya raba shi da gasket kafin ya ɗaga, sannan ya danne silindojin kada su motsa in an juya inji, ka ba shi aikin. In ya ce ai cirewa kawai ake yi, ka yi masa godiya ka wuce, domin shi ne zai taso maka da hannun riga ya haɗa maka ruwa da mai.

Wata magana kuma, tunda ka ce mahaifinku ne ya bari. In ba a raba gado ba, motar ta magada ce duka, har da iyaye mata da 'yan'uwanka mata. Kafin ka narka kuɗi a ciki ku zauna a yi mata ƙima yadda take a yanzu, a san ko ta faɗo a rabonka ko za ka biya saura. Na ga inda mota ta yi shekaru kaji na kwana a ƙarƙashinta ba mai kallo, ranar da ta sha fenti ta fito tana sheƙi kowa ya tuna yana da kaso.

Ka yi awon, ka aiko mini da lambobin nan huɗu, na busasshe da na bayan an zuba cokalin mai, tare da launin hayaƙin da lokacin fitarsa. In akwai hali ka haɗo da hoton bakin fulogin, a jere yadda aka ciro su.